Musun Ɗaukar Kofi a Majalisun Kano, Jiya da Yau

Daga cikin al'adun da suka ɓace daga titunan Kano ba tare da an ankara ba akwai cincirindon da kan taru da hantsin Litinin a gaban mai sayar da jarida, inda mutum goma ko fiye kan sunkuya a kan shafin baya na jarida guda, wanda ya iya karatun boko yana karanta sakamakon wasannin ƙarshen mako da ƙarfi, sauran kuma suna lissafi da yatsunsu. Abin da ake nema a wannan shafi shi ne teburin gasa, wato jerin ƙungiyoyi daga ta sama zuwa ta ƙasa bisa yawan makin da kowacce ta tara, domin a kansa ne gardamar mako guda za ta ginu a kasuwa da gareji da wurin mai shayi. Yau teburin yana cikin aljihun kowa, yana sauyawa a wayar hannu tun kafin alƙalin wasa ya busa tashi, kuma 'yan jaridun da suka rage a bakin titi ba sa tara kowa saboda ƙwallo. Musun kansa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai ƙungiyoyin da ake musu a kansu, da hujjar da ake kafawa, da abin da mai musu ke tsoron rasawa idan aka kayar da shi, duk sun sauya cikin shekarun da ba su fi 30 ba.

Gasar lig, wadda a cikinta kowace ƙungiya ke karawa da kowace sau biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ta fi kowace irin gasa ciyar da masu gardama, domin saɓanin gasar sili-ɗaya-ƙwale da ake sallamar wanda aka doke nan take, ita tana jan wata tara ko goma ba a san gwani ba. Nasara maki uku ce, canjaras maki ɗaya, tsarin da Ingila ta soma a 1981 kafin sauran ƙasashe su ɗauka, kuma inda ƙungiyoyi 20 ke fafatawa kowacce za ta buga wasa 38. Makaman mai musu ba su da yawa. Akwai tazarar maki tsakanin ta ɗaya da ta biyu, akwai kwantan wasa, wato wasan da aka ɗage wanda wata ƙungiya ba ta buga ba alhali abokiyar takararta ta buga nata, akwai kuma rarar ƙwallaye, wato abin da ya rage idan aka cire ƙwallayen da aka zura wa ƙungiya daga waɗanda ta zura, wanda da shi ake raba gardama idan maki ya zo ɗaya. Da waɗannan ne majalisa kan rabu gida biyu tun daga tsakiyar kaka: magoya bayan wadda ke sama su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, masu bi mata a baya su amsa cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kowane ɓangare kuwa yakan koma bakin karin maganar ɗan uwansa da zarar teburi ya juya, ba tare da jin kunya ba.

Ƙwallon ƙafa ta tarar da wannan ɗabi'a a ƙasar Hausa, ba ita ta kawo ta ba. Masu kallon dambe sun daɗe da rabuwa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada, kowa yana wasa gwaninsa yana kushe na wani, kuma barkwancin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi ya riga ya koya wa mutane yadda ake gaya wa abokin wasa magana mai zafi a rabu ana dariya. Da aka kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, wadda Mighty Jets ta Jos ta fara lashewa, sai wannan barkwanci ya sami sabon fili, musamman bayan Raccah Rovers ta kawo wa Kano kofin a 1978, kuma Ranchers Bees ta Kaduna ta yi tashe a shekarun 1980. A wancan zamani labarin wasa ta kunne yake zuwa. Akwatin rediyo mai batir ne a tsakiyar tabarma bayan la'asar, ana murɗa shi a hankali ana neman tasha, muryar mai sharhi tana tasowa tana nutsewa cikin ƙara, kuma idan an buga wasa a Inugu ko Fatakwal, sakamakonsa na iya kwana bai tabbata ba sai direban mota ya iso ko jarida ta fito. Wannan ƙarancin labari shi ya ɗaga darajar ganau a kan jiyau. Dattijon da ya taɓa bin ƙungiya zuwa kudu, ya san yadda filin wani gari ke caɓewa da damina da yadda 'yan kallonsa ke matsa wa alƙali, shi ne mai yanke hukunci a majalisa, kuma yaro ba ya katse shi ko da yana ganin ya yi kuskure a lissafi.

Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North, a shekarar da aka soma gasar ƙwararru a Nijeriya, ita ta gaji wannan majalisa, ta kuma kai ta ƙololuwa. Ta ɗauki kofin lig a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan canjaras biyu, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Wanda ya halarci filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a waɗannan shekaru ba ya manta layin shiga tun azahar, da ƙurar da ƙafafu ke tayarwa, da masu rake da gyaɗa da ruwan leda suna ratsa benaye, da kiɗan da ba ya tsayawa, da riguna masu launin rawaya da kore, da amon "Sai Masu Gida" idan Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya ajiye ƙwallo zai yi bugun tazara. Gardamar ko bana za a ɗauki kofi ta mutanen gari ce a kan 'ya'yan gari, domin ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo ranar Lahadi ana iya haɗuwa da shi a masallaci ko a gidan mai ranar Talata, a gaya masa abin da ke rai, shi ma ya mayar da amsa.

Sai dai wanda ya duba abin da ake musu a kansa a wancan lokaci zai ga cewa kyan zamanin yana tafe da cutarsa. Pillars ta yi kusan shekara 12, daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta doke ta da ci 2-1, ba a yi nasara a kanta a gida ba a gasar lig, amma kofi huɗu kawai ta ɗauka a tsawon wannan lokaci, saboda kusan kowace ƙungiya a gasar haka take a filinta. Ke nan ba a ɓata baki a kan wasannin gida, an riga an ƙirga makinsu tun kafin a buga su, kuma tambayar da ke raba majalisa ita ce a ina za a iya tsinto canjaras ɗaya ko biyu a waje, a Aba ne ko Warri ko Ibadan. An daɗe ana barin ƙungiyar da ke karɓar baƙi ta ɗauki nauyin masauki da alawus na alƙalan wasa, kuma bugun fenareti a mintin ƙarshe ga masu gida ya zama abin da ba ya ba kowa mamaki, har ta kai kalmomin "an sayar da wasan" sun fi kowace hujja yawo a bakin magoya baya, ko da gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Tafiyar kanta haɗari ce, kamar yadda aka gani a Maris na 2015 lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata wasu daga cikinsu. Su ma magoya baya ba su fita da tsabta ba, domin rikicin da ya ɓarke a wasa da Katsina United a 2022 ya jawo wa ƙungiyar asarar maki uku da korarta daga filinta, kuma a ƙarshen wannan kaka ta faɗi daga babbar gasa, sai a 2023 ta dawo. Ga kuma gasar da ba ta da tsayayyar kalanda: an katse kakar 2018 ba a kammala ba, an gajarta ta 2019 da ta 2023 aka fitar da zakara ta hanyar karawar ƙungiyoyi shida a gari ɗaya.

Ta wannan ɓaraka gasar Firimiya ta Ingila ta shigo. Tashoshin tauraron ɗan adam na DStv, waɗanda suka soma aiki a 1995, sun fi ƙarfin aljihun talaka, don haka masu dabara suka kafa gidajen kallo, wato rumfar kwano ko ta buhu mai benci da talabijin biyu ko uku da janareta a baya, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga, an jingina allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Akwai kuma 'yan gida da suka ja hankali zuwa can: Daniel Amokachi, wanda ya taso a Ranchers Bees, ya je Everton a 1994, Celestine Babayaro ɗan Kaduna ya je Chelsea a 1997, Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999 yana kuma cikin tawagar da ta ɗauki kofi a 2004 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, sannan Mikel Obi haifaffen Jos ya shafe fiye da shekara goma a Chelsea daga 2006. Da yawa daga cikin dattawan da ake kira 'yan Arsenal a yau Kanu suka bi, ya tafi ya bar su a can. Kalandar Ingila ta shiga cikin yanayin Kano har ta zama wani ɓangare nasa, ta yadda cunkoson wasannin ƙarshen Disamba ke zuwa da hunturu ana kallo da rigunan sanyi da hazo a waje, makonnin yanke hukunci na Afrilu da Mayu kuma su faɗo a tsakiyar bazara, rufin kwano yana tafasa, warin hayaƙin janareta yana gauraya da na gumi, mutum ɗari suna numfashi tare a kan bugun kusurwa guda. Malamai sun yi ta faɗa a kan wasan da ke cin lokacin la'asar da magariba, iyaye kuma a kan yaran da ke kaiwa dare, kuma ba a ce faɗan nasu ba shi da tushe ba.

Akan ɗora laifin wannan ƙaura a kan son kayan waje, amma wannan bayani bai isa ba. Musu yana buƙatar abu biyu a lokaci guda, shakka game da abin da zai faru da kuma amincewa cewa abin da ya faru a fili ne aka yanke shi, gasar gida kuwa ta gaza a duka biyun, ita kuma ta Ingila ta bayar da su a gaban idon kowa. A ranar 13 ga Mayun 2012 Manchester City da Manchester United suka gama da maki 89 kowacce, ƙwallon da Sergio Aguero ya ci QPR a cikin mintunan ƙarin lokaci ta mayar da kofi hannun City bisa rarar ƙwallaye, bayan 'yan United a gidajen kallo da dama sun riga sun miƙe tsaye. A 2016 Leicester City, wadda da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabata, ta ɗauki kofi, abin da ya ba kowane mai goyon bayan ƙaramar ƙungiya damar tuna wa majalisa zakaran da Allah ya nufa da cara. A 2019 Liverpool ta tara maki 97, an doke ta sau ɗaya tak, amma ta ƙare ta biyu a bayan City mai 98. Duk wanda ya ga waɗannan da idonsa, a maimaita masa ƙwallon daga kusurwa uku, da wuya ya koma ya gamsu da sakamakon da direba ya kawo daga Aba.

Sauyi na biyu, wanda ya fi na farko zurfi ko da yake bai kai shi ƙara ba, ya zo da wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta kuma zama mai ɗauke da intanet a hannun matasa bayan shekara goma da ɗoriya. Yanzu yaro ɗan sakandare yana iya karanto jerin wasannin da suka rage wa kowace ƙungiya, da sunayen masu rauni, da hasashen da kwamfuta ke fitarwa na kason damar ɗaukar kofi, har da ma'aunin da ke ƙiyasta ƙwallayen da ya kamata ƙungiya ta ci bisa ingancin damar da ta samu. Ribar a bayyane take. Ƙaryar da a da kan rayu shekara a majalisa saboda mai faɗinta yana da furfura, yau ba ta wuce minti ɗaya. Sharhin wasa kai tsaye da Hausa a rediyo ya shigar da manomi da makiyayi cikin zancen. Mata kuma, waɗanda gidan kallo bai taɓa zama wurinsu ba, sun sami bakin magana a Facebook da WhatsApp. Asarar ta fi wuyar aunawa, amma tana nan. Gardamar da kan ɗauki mako ana juya ta ana ƙawata ta da labarai yanzu takan mutu da zarar wani ya zaro waya, kuma tun da duk abin da mutum ya rubuta yana ajiye, cika bakin watan Janairu ya zama shaidar da za a fito masa da ita a Mayu. 'Yan Arsenal sun ɗanɗana wannan a 2023, lokacin da ƙungiyarsu ta shiga Afrilu da tazarar maki takwas, City tana da kwantan wasa ɗaya, suna ta "bana tamu ce" cikin azumi, sai ga canjaras da Liverpool, da West Ham, da kuma 3-3 da Southampton a daren ranar Ƙaramar Sallah, sannan City ta doke su 4-1, aka gama tana da maki 89 suna da 84. An gaya musu cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, a wannan karon kuwa da hoton kalamansu a haɗe.

Abin da ya fi kowane ɓata musun shi ne caca. Shagunan yin fare a kan sakamakon wasa, da manhajojinsu da ke cikin waya, sun haifar da wani irin ɗan kallo wanda a baki yana tare da ƙungiya ɗaya, a tikitinsa kuma yana tare da goma, ciki har da abokiyar gabar tasa. Mai musu na da yana kare ƙungiyarsa ko da lissafi ya ƙi, saboda abin da zai rasa bai wuce a yi masa dariya ba, kuma dariyar ma rance ce da zai karɓo wata kakar. Wanda ya zuba kuɗin cefane kuwa ba ya iya barkwanci, ihun da yake yi idan aka ci ƙwallo ba na murna ba ne ko na baƙin cikin ƙungiya, na tikitin da ya yanke ne. Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024, amma shagon da ke cikin waya ba shi da ƙofar da za a garƙame. Abin lura a gefe guda shi ne cewa Remo Stars ta Ikenne, wadda ta lashe gasar Nijeriya karon farko a 2025, mallakar Kunle Soname ce, shugaban kamfanin Bet9ja, wato wani kaso na kuɗin da musun Firimiya ke fitarwa daga aljihun matasa ya zagayo ya gina ƙungiyar gida, ko da yake ba a Arewa ba.

Ita ma gasar da aka gudu zuwa gare ta ba ta tsira daga zargin da aka gudo wa ba. City ta ɗauki kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, abin da ba a taɓa yi ba a Ingila, alhali tun Fabrairun 2023 hukumar gasar ta tuhume ta da karya dokokin kashe kuɗi fiye da sau 100, kuma an cire wa Everton da Nottingham Forest maki a ofis a kakar 2023/24. Na'urar VAR, wato alƙalin da ke duba hoton bidiyo ya gyara hukuncin na cikin fili, wadda aka shigo da ita a 2019 don ta kashe gardama, sai ta buɗe sabuwa, har "an sayar da wasan" ta dawo gidan kallo da lafazinta na dā. Gidan kallon ma yana jin jiki, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin janareta da na tasha suka tashi, kuɗin shiga ya bi su, matasa da yawa kuma suka koma kallo a ɗaki, kowa da wayarsa.

Idan aka auna, musun yau ya fi na jiya ilimi da gaskiyar lissafi, ya kuma fi shi faɗi, amma na jiya yana da abin da wannan ba zai samu ba, wato ƙungiyar da ke jin abin da ake faɗa a kanta. Arsenal ba ta san Fagge ba, kuma ko sisi daga kofin da Chelsea za ta ɗauka ba zai gyara filin unguwa a Gwammaja ba. Ƙishin na gida bai mutu ba, domin filin Ƙofar Mata yana cikin waɗanda suka fi cika a ƙasar, kuma dawowar Ahmed Musa Pillars, wanda ya ci mata ƙwallo 18 ya zama gwarzon masu zura ƙwallo a kakar 2009/10 kafin ya tafi Turai, ta ja jama'a a 2021 da 2024. Waɗannan mutane ba wa'azin kishin ƙasa suke jira ba. Abin da suke jira shi ne masu gudanar da gasar Nijeriya da gwamnatocin jihohin da ke riƙe da yawancin ƙungiyoyinta su tsayar da kalandar da ba a katsewa, su raba alƙalin wasa da aljihun mai masauki, su tsare baƙi a fili da kan hanya, su biya 'yan wasa a kan lokaci, su kuma sa kowane wasa a gaban kyamara yadda mai zargi zai iya gani ya gamsu ko ya kafa hujja.